Ranar da Na Goya Ammi Zuwa Dutsen da Ke Ci da Wuta

Shekarun baya, lokacin da nake ji da ƙarfina, na yi wata tafiya da har yau in na ba da labarinta sai an sami mai cewa na ƙara gishiri. Ba na jin haushi, domin ni ma ranar da aka fara ba ni labarin abin da na faɗa ke nan.

A Makka aka haife ni, a nan na tashi, sana'ata kuma tsire, wanda Larabawa ke kira siriya. Tukubata tana unguwar Aziziyya, jikin wani ɗan shagon abinci na 'yan Jawa, wato mutanen Indunusiya. Ɗan mai shagon abokina ne tun muna yara, tare muka yi ƙiriniya, tare aka sha zane mu. Mahaifinsa kuwa Ammi nake ce masa, yadda ake kiran duk dattijon da ya kai uba a nan. Ya zo aikin Hajji yana saurayi daga tsibirin Kalimantan, Allah ya zaunar da shi, ya yi aure, ya hayayyafa, bai sake komawa ba.

In alhazai suka watse gari ya yi sakayau, Ammi yakan jawo kujerarsa kusa da ni da kofin shayinsa, yana kallon yadda nake fifita garwashi. Wata rana ya ce, "Ya waladi, ɗana, wannan wutar taka wasan yara ce. A garinmu akwai dutsen da ke ci da wuta daga cikinsa. Tun kakana yana yaro take ci. Ba wanda ya kunna ta, ruwan sama kuma bai kashe ta."

Na ce, "Ammi, ni fa da wuta nake kwana, da ita nake tashi. Gawayi in ka rufe shi da ƙasa mutuwa yake yi. Wace wuta ce za ta rayu a binne, a ƙasar da kai da bakinka ka ce ruwa ba ya ɗaukewa?"

Ya ce kwal ne shimfiɗe a ƙarƙashin dutsen, gawayin ƙasa, shi ke ci. Masu jiran tsire suka yi dariya, wani Bamisire ya ce wata rana ma Ammi zai ce a garinsu kifi na hawa bishiya. Ammi ya yi murmushi ya shanye shayinsa. Daga nan labarin ya zama abin tsokanarmu. Ni dai musu nake yi don daɗin hira, amma na lura akwai abin da ke sosa masa rai. In ya ɗauko zancen, abokina sai ya ce, "Abuya, halas mana," wato Baba, ya isa haka, ya shige cikin shago. Musuna bai dame shi ba. Kunyar da ɗansa ke ji ita ce ke cinsa.

Wata shekara Ammi ya kwanta ciwo sosai, har muka fara fidda rai. Da ya tashi, sai ya ce shi fa yana son ya ga ƙanwarsa kafin ƙasa ta rufe ido, ita kaɗai ta rage masa a can. Abokina ya fara shirin raka shi. Ina cikin jera nama Ammi ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Da mai musun nan za mu tafi."

Na zaci wasa ne. Da na ga da gaske yake, wallahi barci ya ƙaurace mini don murna. Ni da iyakar tafiyata Madina da Jidda da Ɗa'if. Na bar tukuba a hannun ƙanena, na yi ta zirga-zirgar takardu har suka fito. Cikin jakata har da ƙullin yajin tsire, don an ce mini abincin can ba zai yi mini ba.

Abin da ya fara kama ni da muka sauka shi ne kore. Ni na tashi cikin baƙaƙen duwatsu da farar rana, ban san kore yana da iri-iri haka ba. Daga filin jirgi muka hau mota, daga mota muka shiga kwalekwale, ina manne da gefe ina karanto duk addu'ar da na iya, abokina yana yi mini dariya alhali shi ma fuskarsa ta canza. Gidajen ƙauyen na katako ne a kan dogayen ƙafafu, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi.

Ƙanwar Ammi tana tsaye a bakin ruwa tana jira. 'Yar tsohuwa ce gajera, busasshiya, mai kaifin ido. Na zaci za a yi koke-koke. Sai ta dube shi sama da ƙasa ta faɗi wata magana da yarensu, jama'a suka fashe da dariya. Na tambayi Ammi abin da ta ce. Ya ce, "Wai an aika yaro Makka an dawo mata da tsoho, a mayar a kawo nata." Sannan ne ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta, ta daɗe ba ta saki ba. Ni dai Gwaggo na riƙa ce mata, ta kuwa amsa kamar ta san ma'anarsa.

Mun yi kwanaki ana ta karɓar baƙi, kowa na son ya taɓa mutanen Makka. Ni kuwa hankalina na kan dutse. Kullum sai na ce, "Ammi, yaushe?" Har ranar ta zo.

Bayan sallar Asuba na fito fes, sanye da farar jallabiya da takalmin fata, na fesa turare. A raina zuwa ganin abin mamaki ai sai da shiga mai kyau. Gwaggo ta gan ni ta zauna a kan matakala tana dariya har da hawaye. Ta shiga ciki ta fito mini da wani tsohon wando da takalmin roba mai tsawo har gwiwa. Wandon ya tsaya mini a ƙwauri. Haka na bi su, kamar wanda ya sato kayan ƙanensa.

Mu huɗu muka kama hanya: Ammi, abokina, Gwaggo da addarta da ɗan kwando a baya, sai ni. Tun a bakin gari Gwaggo ta fara yi wa Ammi wani bayani tana nuna wani ɓangare, ya ɗaga mata hannu. Ya ce mana da Larabci, "Wai za ta nuna mini hanya. Ni da na yi kiwon bauna a dajin nan tun ba a haife ta ba." Ta ɗaga kafaɗa ta koma baya, ta bar shi ya shige gaba.

Mun fara ratsa gonakin roba, kowace bishiya da ɗan kofi a ɗaure tana ɗigar da farin ƙaro. Daga nan hanya ta tsuke ta zama 'yar siririya, daji ya rufe mu. Sama ba a ganinta sai ɗan haske da ke tsiyayowa ta cikin ganye. Ƙarar ƙwari kamar ana saƙa da injin. Birai na tsalle a kanmu, wani tsuntsu mai ƙaton baki kamar burtu ya tashi, fukafukansa na ƙara kamar ana kaɗa tabarma. Ni fa bakina ya ƙi rufuwa. Komai na gani sai na ce, "Masha Allah, wannan kuma mene ne?" Har abokina ya ce in ban yi shiru ba zai bar ni wa birai.

Zafin kuma wani iri ne. Na sha cewa wanda ya yi azumi a Makka ba zafin da zai ba shi tsoro. Ashe namu zafin mai mutunci ne, yana busar da gumi. Na can jiƙa ka yake kamar an kifa maka tukunyar ruwan ɗumi. Can na ji ƙaiƙayi a bayan gwiwa, na duba, sai ga wata baƙar tsutsa ta manne tana shan jinina, ta yi ɓulɓul. Ihun da na yi ba zan maimaita shi a nan ba. Gwaggo ta zo ta ɗiga mata ruwan taba, ta faɗo da kanta. Ammi ya ce, "Matsattsaku ne. Jinin ɗan Makka ta ji, tabarruki take nema."

Ammi kuwa ranar kamar an mayar masa da ƙuruciya. Yana tafe yana dogara sanda yana nuna mana wurare: nan suka taɓa kama barewa, can mahaifinsu ke da gona, ga rafin da ya kusa cinye shi. Hanya ta fara hawa, numfashinsa ya fara nauyi, amma ya ƙi a tsaya. "Saura kaɗan," yake cewa. "Bayan wancan dutsen. Ku shirya hancinku, warin ne zai fara tarbar ku."

Muka zagaya dutsen. Na riga na buɗe kyamarar waya.

Ba komai.

Wani ɗan fili ne a gangare, ƙasarsa ja kamar fasasshen tubali, ciyayi da ƙananan bishiyoyi sun rufe shi. Ba hayaƙi, ba wari. Wani ɗan tsuntsu ma na tsalle a wurin abinsa.

Ammi ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya taka a hankali zuwa tsakiyar filin, ya durƙusa da ƙyar ya ɗora tafinsa a ƙasa. Ya matsa gaba ya sake ɗorawa. Na bi shi na taɓa ni ma. Sanyi ƙalau.

"Nan ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi nan ne. Daga nan har can duk hayaƙi ne."

Abokina ya kau da kai yana kallon bishiyoyi. Ya ce, "Ba komai, Abuya. An daɗe. Mu koma kafin rana ta yi." Da taushi ya faɗa, amma irin taushin da ake yi wa wanda aka gama yanke wa hukunci. Na ga kafaɗun Ammi sun sauka. Ni da na zo da niyyar in ci musu, ban taɓa jin ƙin cin musu irin na lokacin ba.

Sai Gwaggo ta ajiye kwandonta ta fara magana, tana yi tana nuna shi da adda. Ta daɗe tana yi. Ammi ya ɗago kai a hankali. Na ce, "Ammi, me take cewa?"

Ya ce, "Wai tun a gida take son gaya mini na hana ta." Ya ci gaba da cewa, "Wai ni na tashi na tafi Makka na yi zamana, ita wutar na zaci zama za ta yi tana jira na? Ta cinye kwal ɗin nan tuntuni, ta bi shi ta ƙarƙashin ƙasa. Tana bayan wancan tudun."

Na yi tsalle, ban san na yi ba. Amma da na dubi tudun sai murnata ta rage. A tsaye yake kamar bango, ga santsi, ga saiwoyi. Ammi ya yunƙura zai tashi, gwiwoyinsa suka ƙi. Leɓensa ya yi fari. Abokina ya ba shi ruwa da maganinsa ya ce, "Abuya, likita ya ce kada ka wahalar da zuciyarka. Mu mu je mu ɗauko maka hoto."

Ammi ya girgiza kai. "Hoto na gani a waya ai kowa ma ya gani. Ni nake so in nuna maka."

A nan wani abu ya faɗo mini. Kafin in fara tsire, na yi shekaru ina tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, kuma a cunkoson Mina na sha goya alhajin da ƙafarsa ta gaza. Na san yadda ake ɗaukar tsoho ba a ji masa ciwo ba. Na je gabansa na tsuguna na ba shi baya.

Ya ce, "Ya waladi, ka rufa mini asiri. Da gemuna?"

Na ce, "Ammi, na goyi waɗanda suka fi ka gemu, kuma ba su taɓa ba ni shayi ba. Hau mu je."

Sai na ji hannuwansa a wuyana. Gwaggo ta kwance zanen da ta yafa, ta zagayo da shi ta ɗaure mu tamau kamar jariri da uwarsa, tana yi tana ƙyalƙyala dariya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin har ya ba ni tausayi. Ta shige gaba tana sara da adda, abokina na bayana yana tallafe, ni kuma ina kama saiwa ina ja. Sau da yawa ƙafata ta zame, Ammi ya ce "Ya Latif" a kunnena. Da ya ga mun saba, sai ya fara ba ni umarni kamar direban da ya sami sabuwar mota: "Dama. A'a, hagu. Yalla, yi sauri, ka ci tsiren banza."

Kafin mu kai ƙarshen tudun warin ya iso, kamar ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da ƙonanniyar taya. Na ji Ammi ya ja dogon numfashi a bayana, yatsunsa suka matse kafaɗata. Sai ƙarar ƙwari ta ɗauke. Bishiyoyin da muke ratsawa suka zama busassu, farare tas, a tsaye ba ganye. Na fara jin ɗumi yana ratso takalmin roba.

Muka leƙa, sai ga shi.

Gefen dutse ne guda ya tsage-tsage kamar bayan gurasa. Daga kowace tsaga farin hayaƙi na fita a hankali, iska na karkaɗa shi. Bakin tsagogin ya yi rawaya da farar wuta, wani wuri fari kamar gishiri, wani wuri ja. Iskar da ke saman wurin tana rawa. Ga wani sauti can ƙasa, kamar zugazugin maƙeri a nesa, ba ya tsayawa. Gwaggo ta kai mu gefen da iska ke kore hayaƙin, ta nuna wata tsaga mai faɗi. Na leƙa daga inda nake. Da rana tsaka, a cikin dutse, ga ja jawur yana haske, yana numfashi, irin jan da nake nema a tukubata in na fifita har hannuna ya gaji.

Na sauke Ammi a kan wani kututture. Daɗi ya ɗebe ni, na ɗaga waya na nufi tsagar don in ɗauka kusa. Ban yi taku nawa ba na ji fatar adda a ƙirjina. Gwaggo ce ta tare ni, fuskarta ba dariya. Ta ɗauki wani dogon reshe ta soka daidai inda zan sa ƙafa. Ƙasar da nake gani lafiyayya ta burma kamar ɓawon ƙwai, reshen ya shige har kusan hannunta. Ta zaro shi, bakinsa na ci da wuta. Na koma da baya a hankali na zauna kusa da Ammi. Daga nan inda ta taka nan nake takawa.

Abokina bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Yana tsaye yana kallon wutar, ya juyo ya kalli mahaifinsa, ya sake kallon wutar. Sannan ya zo ya durƙusa ya sumbaci kan Ammi, ya sumbaci hannunsa. Ya ce, "Abuya, kakanka ma nan ya tsaya ya gani?"

Ammi ya ce, "Can baya, inda muka fara zuwa. Ya riƙe hannuna kamar haka." Ya kama hannun ɗansa. Hawaye na bin gemunsa, amma dariya yake yi. Ya shiga ba shi labari, wannan karon abokina yana tambaya yana ƙarawa.

Can Ammi ya waiwayo gare ni. "To, sarkin wuta. Me ka gani?"

Na ce, "Ammi, na sallama. Amma ta ina take shan iska?"

Ya nuna tsagogin da sandarsa. "Tana ci, ƙasa na zaftarewa, iska na shiga. Ita ke yi wa kanta mafici. Kai ma je ka fifita mata mu ga gwanintarka."

Gwaggo ta fito da ƙwai daga kwandonta, ta naɗe su a ganyen ayaba ta tura cikin ƙasa mai zafi nesa da hayaƙi. Kafin mu gama hutawa sun dahu. Na laluba aljihun guntun wandona na zaro ƙullin yajina. Gwaggo ta dangwala ta sa a baki, ta sake dangwalawa, sannan ta karɓe ƙullin gaba ɗaya ta jefa a kwandonta. Ban sake ganinsa ba.

Muna shirin sauka hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Na tsaya da Ammi a bayana don in ga yadda za ta kaya. Ruwan na sauka a kan dutsen yana cuu, tururi ya tashi ya rufe wurin fari fat, kamar an buɗe tukunyar duniya. Da iska ta yaye shi, jan yana nan yadda yake. Muka sauko a jiƙe sharkaf, muna zamewa a taɓo, Ammi na kabbara a kunnena ni kuma ina amsawa.

Ammi ya rayu shekaru bayan haka, kuma ya ci gaba da ba da labarinsa a bakin tukubata. Bambancin kawai, in wani ya yi dariya, ɗansa ne ke fitowa daga shago da ludayi a hannu ya ce, "Da idona na gani." Allah ya yi masa rasuwa a nan Makka, muka yi masa salla a Harami. Allah ya jiƙansa.

Abin da tafiyar ta bar mini ya wuce wutar. Mu da aka haifa a nan, iyayenmu sun zo da garuruwa a cikin bakinsu, mu kuma muna jin su kamar tatsuniya, muna gyaɗa kai muna duba waya. Sai da na ga dattijo ya durƙusa yana laluben ƙasa mai sanyi na gane abin da ake ji in ba wanda ya rage da zai ce maka haka ne.

Da na dawo na je gaishe da mahaifiyata a unguwar Kudai. Ta bar garinsu a ƙasar Damagaram tana budurwa, ta biyo ta Sudan. Na ba ta labari tun daga matsattsaku har zuwa ƙwai, tana dariya. Da na gama na ce, "Inna, ke me ke garinku da kike so in gani?"

Ta ajiye carbinta ta dube ni, kamar tana auna ko da gaske nake. Sannan ta fara. Wata kuka mai kogo da suke ɓuya a ciki in an yi ruwa, wata rijiya da ake jin amon murya a cikinta, kabarin mahaifinta. Shayinmu ya huce, aka kira La'asar ba ta gama ba.

Na ce mata bayan Hajji za mu je, kuma mun je ɗin. Amma tun a ranar ta kafa mini sharaɗi. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Ni dai ba za ka goya ni a gaban mutanen garinmu ba. Da ƙafata na fito, da ƙafata zan shiga."